Wane suna za mu raɗa wa masu zama a hanjinmu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Kwana uku ke nan kalma guda ta hana ni sakat, na ga gara in kawo ta gabanku mu yi mata taron dangi. Ina rubuta bayani ne a kan binciken da ake ta yi game da alaƙar hanji da ciwon damuwa, da kuma abin da ya sa maganin damuwa yake karɓar wani ya ƙi wani. A tsakiyar maganar akwai kalmar da masana ke kira maikurobayom. Tushenta Girkanci ne, ƙarami da rayuwa aka haɗa, kuma ana yawan jingina yaɗuwarta ga masanin kimiyya Joshua Lederberg a 2001. Abin da take nufi shi ne tarin halittun nan da ido ba ya gani, bakteriya da bairos da fangas da sauransu, waɗanda suka mayar da jikin mutum gidansu, mafi yawansu a babban hanji.

Da farko ban ɗauka akwai matsala ba. Na rubuta abin da kowa zai rubuta: ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji. Na ɗauki takardar na tafi wurin gwaggona, domin ita ce ma'aunina, in ta gane abu to kowa zai gane. Na karanta mata cewa a hanjin kowane baligi akwai ƙwayoyin cuta wajen tiriliyan 38. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta dafe ciki.

"Har ni?"

Na ce, "Har ke, Gwaggo."

Ta ce, "To me ake jira? A samo min maganin da zai kashe su mana."

Gwaggo ba ta yi kuskure ba. Ni na ce mata cuta, wanda aka ce yana ɗauke da cuta kuwa magani zai nema. Sai dai abin da na so in faɗa mata kishiyar wannan ne, kuma in da za ta samu abin da ta nema, wato maganin kashe bakteriya ta yi ta sha babu dalili, da ta yi wa kanta ɓarna da hannunta.

Lissafin tiriliyan 38 ɗin daga Ron Milo da abokan aikinsa na cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya fito a 2016. Su ne suka rushe tsohuwar maganar da aka daɗe ana maimaitawa, cewa bakteriya sun ninka ƙwayoyin halittar jikinmu sau goma. Da suka sake ƙirga, sai ga namu wajen tiriliyan 30, wato kusan kunnen doki. Nauyin bakteriyar duka bai wuce giram 200 ba. Amma a 2010 wani ayarin masana na Turai ya tattara ƙwayoyin gadon waɗannan halittu ya samu miliyan 3.3, kusan ninki 150 na namu. Mai lafiya garau ma haka yake ɗauke da su tun daga haihuwa har kabari.

Abin da ya fi kashe "ƙwayoyin cuta" a wurina shi ne aikin Nobuyuki Sudo na Jami'ar Kyushu a Japan, a 2004. Akwai ɓerayen da ake reno a cikin akwatin roba rufaffe, iskar da suke shaƙa a tace take, abincinsu da ruwansu an ƙone duk wani mai rai a ciki, mai kula da su ma ta dogayen safofin hannu da ke manne da bangon akwatin yake taɓa su. Babu bakteriya ko ɗaya a cikinsu. In da kalmarmu gaskiya ce, ai waɗannan ne za su fi kowa lafiya. Da aka takura su a wuri matsattse, sinadaran firgici da jikinsu ya zubo sun zarce na ɓerayen gama-gari nesa ba kusa ba. Da aka ba su nau'i guda na bakteriya, Bifidobacterium infantis, abin ya daidaita. Rashinsu ne ya zama cutar.

To na cire "cutar", na bar "ƙwayoyin hanji". Kwana ɗaya ta yi ta mutu, ga kuma inda ta mutu.

Duk wanda ya zauna da mai ciwon damuwa ya san zaman jiran nan. A ba da magani, a ce a jira mako huɗu zuwa shida, a dawo babu canji, a ƙara yawa ko a sauya wani, a sake jira. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum sama da 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warware da maganin farko. A nan harshenmu bai bar mu a baya ba, domin muna da maganar da ta fi ta Turawa daɗi: maganin bai karɓe shi ba. Mu a wurinmu magani ne ke karɓar mutum. Tambayar da masu bincike ke yi yanzu ita ce, kafin ƙwayar magani ta kai ga jini, wa take tararwa a hanya? A 2021 masana daga cibiyar binciken halittu ta Turai da ke Heidelberg a Jamus, tare da na Kambirij, suka nuna cewa wasu bakteriyar hanji suna tsotse maganin damuwa mai suna duloksetin su adana shi a cikinsu ba tare da sun farfasa shi ba, kamar mai ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa. Abin da aka ɓoye kuwa ba ya zuwa inda aka aike shi.

Yanzu ku fassara min wannan da "ƙwayoyin hanji". Ƙwayoyin hanji suna haɗiye ƙwayoyin da aka ba mai shan ƙwayoyi. Ƙwaya ta riga ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta: ta hatsi, ta ido, ta magani, ta halitta, ta gado, ta cuta, ga kuma ta 'yan maye. Jakin da aka labta wa buhu bakwai ba a ƙara masa na takwas.

Kalmomin da suka fara zuwa baki duk an riga mu. Kayan ciki na mahauta ne. 'Yan hanji shi ne hanjin kansa. Tsutsar ciki wata aba ce daban, kuma ita lallai kashe ta ake yi, saboda haka duk kalmar da za ta tuna wa mutum ita ba ta da amfani a nan.

Aron kalmar fa? Ba na ƙyamar aro, bakteriya da bairos duk aro ne sun kuma zauna daram. Amma ku furta maikurobayom sau uku a jere ku ji. Gaɓa biyar, babu ko ɗaya da ke gaya wa mai sauraro komai. Bakteriya ta samu shiga ne domin gajera ce kuma tana nuna abu guda. Wannan kuwa tana nuna taro ne, da zamansa, da hulɗarsa, irin abin da Hausa ta fi kowa iya faɗa da bakinta.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ba ni shawarar "abokan hanji" ko "ƙwayoyi masu amfani". Anti, na gode, kuma na fahimci dalilinki, so kike ki kwantar wa majinyaci hankali. Amma mun gudu daga ƙarya mun faɗa wata. A 2016 a Jami'ar Cork ta ƙasar Ayilan, ayarin John Cryan da Ted Dinan suka ɗebi bayan gidan masu ciwon damuwa, suka dasa wa ɓerayen da aka riga aka share musu hanji da magani. Akwai gwajin da ake yi wa ɓera: kwalba biyu a keji, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan sukari. Lafiyayyen ɓera na sukarin yake manne wa. Waɗanda aka dasa wa na masu damuwa sai son zaƙin ya ragu, suka kuma riƙa nuna alamun tsoro. A shekarar ce masana a Chongqing ta ƙasar Sin suka samu makamancin haka. Duk wanda ya san ciwon damuwa ya san wannan alamar, abin da kake so da can ya daina yi maka daɗi. Wanda ya ɗauko maka wannan ba za ka kira shi aboki kai tsaye ba.

Ga kuma nau'in bakteriya Ruminococcus flavefaciens, wanda a 2019 aka nuna yana rage tasirin duloksetin a ɓeraye. Ga Eggerthella lenta, da aka daɗe da sanin yana kashe ƙarfin digoksin, maganin zuciya. Danginsa na Eggerthella kuma suna cikin waɗanda binciken Holan na 2022, a Rotterdam da Amsterdam, ya ga suna da yawa a masu alamun damuwa. A ɗaya gefen akwai Coprococcus da Dialister, da ayarin Jeroen Raes na Leuven a Beljiyam ya ga sun yi ƙaranci a masu ciwon damuwa, bayan ya duba mutum 1,054 a 2019, ko da an cire tasirin maganin da suke sha. Akwai na kirki, akwai 'yan ba-ruwana, akwai wanda yana zaune lafiya sai ya ga an raunana maƙwabta ya miƙe ƙafa. Kalmar da muke nema dole ta ɗauke su duka ba tare da ta yanke wa kowa hukunci ba.

Da na faɗi haka a raina sai na ji ai gari nake siffantawa. Gari ne mai mutanen kirki da ɓata-gari da 'yan ci-rani, mai masu sana'a iri-iri, wanda lafiyarsa ba ta rataya a kan mutum ɗaya ba sai a kan yadda aka zauna. Na gwada "garken hanji", na ga garke yana da makiyayi kuma jinsinsa ɗaya. "Al'ummar hanji" ta yi nauyi, kamar za a kira su taro a ba su jawabi. "Mazauna hanji" ta yi daidai, babu yabo babu zagi. Daga ita kuma sai harshe ya yi abin da ya saba yi wa duk mazaunan wuri: na ƙauye ƙauyawa, na fada fadawa, na hanji kuwa hanjawa.

Hanjawa. Tilo bahanje.

Na san za ku yi dariya, ni ma na yi. Amma ku gwada ta a jimlolin da suka kayar da sauran. Kowane mutum yana da hanjawa wajen tiriliyan 38. Maganin kashe bakteriya ba ya bambanta baƙo da bahanje. Wasu hanjawa suna ɓoye duloksetin. Hanjawan mai ciwon damuwa sun bambanta da na wanda ba shi da shi. Babu jimlar da ta yi tuntuɓe. Na koma wurin Gwaggo da ita, ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta tambaya, "To su me suke ci?" Jiya kashe su take nema, yau abincinsu take tambaya. Amsar kuwa ita ce harzar abinci, wato ɓangaren tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa. Shi suke ruɓarwa su fitar da wasu ƙananan sinadaran kitse, cikinsu har da butiret, wanda bangon babban hanji ke rayuwa a kansa. Coprococcus ɗin da aka ce yana ƙaranci a masu damuwa yana cikin masu yin butiret.

Na dawo, na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya min a rai.

Malam mai nahawu ya ce harafin "ja" na Hausa sau da yawa "za" ce da ta sauya a gaban wasalin i, kamar kaza da kaji, maza da miji, daji da dazuzzuka, saboda haka me zai hana a ce hanzawa. Allah ya gafarta Malam, ƙa'idar gaskiya ce. Amma sabuwar kalma jaririya ce, dole a ga kamannin uwarta a fuskarta. Wanda ya ji hanjawa ya ji hanji. Wanda ya ji hanzawa zai tafi wajen hanzari. Na bar ja ɗina.

Wani ɗan'uwa ɗalibin kimiyya ya tuna min cewa masana suna da kalma biyu, ɗaya ga halittun kansu, ɗaya ga su da ƙwayoyin gadonsu da abubuwan da suke fitarwa da muhallin da suke ciki. Haka ne, kuma su kansu masanan suna cakuɗa su kullum. In ana buƙatar rarrabewa, halittun su ne hanjawa, na biyun kuma duniyar hanjawa. Idan zamansu ya lalace, wasu suka yi rinjaye wasu suka ɓace, hargitsin hanjawa ke nan. Ya kuma tambaya, na fata da na baki fa, fatawa da bakawa? A'a, ɗan'uwa, kada mu mayar da abin wasan yara. Mazauna fata, mazauna baki. "Mazauna" ita ce uwa, ta isa ko'ina, ita kuma zan sa a rubutu mai nauyi a karon farko. Hanjawa lakabi ne da na hanji suka samu saboda su ne aka fi magana a kansu.

Amsar da ta fi sa ni tunani ta wata baiwar Allah ce da ta ce shekararta biyu tana shan maganin damuwa. Ta ce ai mu mun riga Turawa sani, tunda baƙin ciki da farin ciki duk a ciki muka ajiye su. Yaya, wallahi ni ma wannan ya burge ni tun ranar farko. Wanda ya tsorata cikinsa ne ke ɗurar ruwa, hanjinsa ya kaɗa. Mai riƙe sirri zurfin ciki gare shi. Kuma hanyoyin da ke tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa na gaske ne. Akwai jijiyar bagus, wadda sunanta a Latin ke nufin mai yawo, ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji ta kai ciki, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta saƙo yake kaiwa sama, ba saukowa da shi ba. A 2011 an ba ɓeraye wani nau'in Lactobacillus rhamnosus, tsoronsu ya ragu. Da aka yanke musu wannan jijiya, tasirin ya ɓace. Akwai hanyar garkuwar jiki da kumburin da take tayarwa. Akwai ta tiriftofan, sinadarin abinci da hanjawa ke da hannu a inda yake ƙarewa; da shi ake ƙera serotonin, sinadarin kai saƙo da ake alaƙantawa da yanayin rai.

Amma a nan nake so mu taka a hankali, domin daɗin karin magana yana iya ja mu faɗi abin da bincike bai faɗa ba. Za ku ji ana cewa kashi 90 cikin 100 na serotonin a hanji ake yin sa, saboda haka farin ciki a hanji yake. Rabin farko gaskiya ne. Sai dai serotonin na hanji ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, aikinsa can ne, motsa hanji da makamantansa, ƙwaƙwalwa nata take ƙerawa. Bakteriyar nan da ta kwantar wa ɓeraye hankali a 2011, da aka gwada ta a kan maza masu lafiya aka buga sakamakon a 2017, ba ta fi ƙwayar gwaji da babu magani a cikinta ba. Binciken Beljiyam da na Holan kuma sun nuna ne cewa damuwa da sauyin hanjawa suna tafiya tare, ba su nuna wanda ya haifi wani ba. Mai ciwon damuwa cin abincinsa yana sauyawa, barcinsa yana lalacewa, motsinsa yana raguwa, duk waɗannan suna sauya hanjawa. Maganin kansa yana taɓa su: a 2018 masanan Heidelberg sun gwada magunguna sama da 1,000 a kan nau'in bakteriyar hanji 40, suka ga kashi 24 cikin 100 na magungunan da ba don bakteriya aka yi su ba suna hana aƙalla nau'i ɗaya girma, kuma na taɓin hankali sun yi fice a ciki. Hanya ce mai zuwa da dawowa.

Wannan ne ya sa na ƙi shawarar wanda ya ce a kira bakteriyar da ake sha don gyaran yanayin rai "ƙwayoyin farin ciki". Dinan da Cryan da Catherine Stanton ne suka ƙirƙiro musu suna a Turance a 2013, kuma suna ne na fagen bincike. "Ƙwayoyin farin ciki" kuwa tallar mai magani a kasuwa ce, ranar da ta shiga bakin mutane wani zai zuba ta a kwalba. Abin da ke hannu a kan mutane ƙanana ne. A 2023 a Kwalejin King's ta Landan an gwada mutum 49 da maganin damuwa bai gama karɓarsu ba, aka ƙara wa rabinsu haɗin bakteriya nau'i 14 na mako takwas, suka ɗan fi sauran samun sauƙi. Ƙari ne a kan maganinsu, ba madadinsa ba, kuma masu binciken da kansu gwajin share fage suka kira shi. A Ostireliya a 2017, ayarin Felice Jacka ya gyara wa masu ciwon damuwa tsarin cin abinci na mako 12, kusan kashi 32 cikin 100 suka warware, a rukunin da ba a gyara wa abinci ba kashi 8; mutum 67 ne duka. Ni zan kira su "hanjawan sha" kawai, sunan da bai yi wa kowa alkawari ba.

Dashen bayan gida ma haka. A yau ciwon da aka amince a yi shi dominsa shi ne gudawar Clostridioides difficile mai yawan dawowa. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wani majinyaci ya rasu saboda an dasa masa bakteriya mai bijire wa magani. Ba abin gwadawa a ɗaki ba ne. Ke kuma Yaya, don Allah kada wannan zance ya sa ki ajiye maganinki. Yanke shi farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon, sauyi ko ragi sai tare da likitanki.

Ga yadda sakin layin da ya kayar da ni ya koma yanzu, ku duba min shi: "Mazauna hanji, wato hanjawa, suna musayar saƙo da ƙwaƙwalwa ta jijiya da jini da garkuwar jiki. An ga hanjawan masu ciwon damuwa sun bambanta da na sauran mutane. Wasu hanjawa suna ɓoye magani ko su sauya shi, maganin ma yana sauya su, kuma ana binciken ko wannan na cikin abin da ke sa magani ya karɓi wani ya ƙi wani."

Saura guda da ta gagare ni. Jijiya a wurinmu ita ce mai ɗaukar jini, ita ce mai ɗaukar saƙo, ita ce kuma ta agara. A jimlar da ke sama na ce "ta jijiya da jini", Gwaggo ta ce ai duk ɗaya ne, jini ba a jijiya yake gudu ba? Wanda ke da kalmar da za ta raba mai saƙo da mai jini, bismillah.